Jan Kati a Gidan Kwali

"Ɗakin nan nawa ne, Maman Tagwaye. Ki bar kekenki a inda ya saba kwana."

"Naka ne da wace hujja? Kai ka gina shi, ko a mafarki aka raba gado ka samu?"

"Da hujjar ilimi."

"Ilimin me? Cika wa mutane kunne da usur?"

"Kin ji ko? Kun ji ta ko? Irin wannan bakin ne yake sa a kori mutum daga fili tun ba a take leda ba."

A kan matakalar benenmu ake wannan, da hantsi, mu kuma 'yan haya mun jeru a baranda kamar an raba mana tikiti. A sama mijin yayata ne, wanda duk gidan ke kira Rafali, ya turo ciki gaba ya riƙe ƙugu. A ƙasa Maman Tagwaye ce, telar hawa na biyu, da tef ɗin awo a wuya da fil a gefen baki. Abin da suke ja a kai ɗaki ne ɗaya a ƙasa, kusa da famfo, wanda mai wanki da guga ya tashi ya bari. Ita tana so ta sauko da kekenta daga ɗakin kwana, inda masu kawo ɗinki ke zama a kan gadon 'ya'yanta. Shi kuma yana so ya buɗe abin da ya kira Cibiyar Horar da Zuciyar Yara ta Hanyar Wasa. Har ya sa an rubuta allon tun bai ga makulli ba.

Sunan Rafali ba a banza ya same shi ba. Ya taɓa busa wasannin ƙwallon samari a filin bayan tasha. Wasansa na ƙarshe ta kan katanga ya fita, da takalmi ƙafa ɗaya. Ɗaya ƙafar tana can har yau a hannun 'yan kallo. Wadda ya tsira da ita yana ajiye da ita a kan kabad, yana goge ta duk ranar hutu.

Ana cikin haka mai gidan ta sauko, Hajiya Mai Bene, tana dafa bango mataki-mataki.

"Wa ake yankawa?"

"Hajiya, barka da fitowa," in ji Rafali, ya sauya murya ta koma ta mai karanta labarai. "Kafin ki yanke hukunci, ina so ki dubi can."

Ya nuna dakalin tsakar gida. Yaran gidan ne a zaune a jere, kowa da wayar uwarsa, wuya a lanƙwashe kamar kajin da ruwa ya daka. Ga tagwayen tela, mace da namiji. Ga ɗan nas ɗin hawa na uku, wanda muke kira Mai Cizo saboda dalilin da kowa a gidan yake da shaidarsa a hannu. Can gefe kuma ga 'yar Rafalin kansa. Shekararta huɗu tana amsa sunan Auta, sai yayata ta haifi namiji, aka wayi gari sunan ya koma kan jariri. Ita kuma aka rasa yadda za a kira ta, sai wani marar tausayi ya ce Tsohuwar Auta, ya kuma bi ta. Tun daga lokacin, da ta buɗe baki za ta yi rigima sai a cusa mata waya a hannu.

"Waɗannan," in ji Rafali, "ba su san fushi ba, ba su san haƙuri ba, ba su san yadda ake faɗuwa a tashi a karkaɗe wando ba. Waya ta shanye musu zuciya. Maganinsu wasa. Wa kuma ya san wasa a gidan nan in ba ni ba? Ƙarti masu gemu na tsawata wa suka nutsu. Masu majina ne za su gagare ni?"

"Ƙartin nan ne suka riƙe maka takalmi?" in ji Maman Tagwaye.

"Ajiya na ba su."

Hajiya ta dube shi, ta dubi tela, ta dubi makullin da ke ɗaure a bakin mayafinta.

"To, ɗan nan. Asabar mai zuwa zan sa kujera a nan. In na ga yaran nan suna wasa, ba waya, ba kuka, makulli naka ne. In ba haka ba, keke ya sauko."

"Hajiya, ki ɗauka an tashi wasa."

Washegari da safe ya fito cikin kayan aiki. Baƙar riga, baƙin gajeren wando da aka ɗinka wa wani siririn mutum da ya rayu a jikinsa shekarun baya, dogayen safa, usur a wuya, kati biyu a aljihun gaba. Ya bi ɗaki-ɗaki da bokiti mai murfi yana karɓar wayoyi. Har ta yayata ya karɓe, wai shugaba da gidansa yake farawa. Tasa kuwa ya bar ta a aljihu, wai agogo ce.

Ya zana layi da alli daga famfo zuwa tankin ruwa, ya jera yaran, ya yi gyaran murya.

"Ku saurara. Daga yau zuciya tana da doka. Tura baki, ƙeta ce. Kuka, katin gargaɗi. Birgima, jan kati. Akwai tambaya?"

Tagwaye mace ta ɗaga hannu.

"Baba Rafali, me ya sa wandonka yake gudun gwiwarka?"

"Tambaya a kan doka na ce."

Ya busa usur, ya ce a fara. Yaran suka tsaya suna kallon juna, sai kuma a hankali suka durƙusa a bakin famfo suka fara abin da yara ke yi in an bar su. Suka kwaɓa ƙasa a murfin kwalba, aka ce abinci ne. Tagwaye namiji ya ce shi likita ne. Da aka buƙaci mota, ya ce shi ne motar.

Fiiit!

"Kai! Likita ne kai ko mota?"

"Duka."

"Ba a buga gida biyu. Zaɓi ɗaya. Ke kuma, wannan girkin da wa kike karawa?"

"Ba kowa."

"To wa zai ci?"

"Kowa zai ci. Ga naka."

"Ba wannan cin ba! Wa zai yi nasara? Wasan da ba a san wanda ya yi nasara ba ai zaman banza ne."

Daga baranda nas ta ce, "Rafali, ka bar su mana, ai sun fara."

"'Yan kallo su yi shiru."

Mai Cizo ne ya fara tuna cewa yana da waya a duniya. Ya dubi bokiti, ya dubi sama, ya ɓare baki. Rafali ya taka zuwa gabansa, ya ƙame, ya zaro katin gargaɗi ya ɗaga shi sama kamar mai nuna wa jirgi hanya. Yaron ya yi tsit.

Rafali ya juyo gare mu a hankali.

"Kun gani? Ba duka, ba zagi, ba alewa. Hajiya tana sama? A kira ta ta gani."

Bai lura ba, yaron ba tsoro ya ji ba. Katin ne ya burge shi. Abu mai sheƙi, launin kwaiduwar ƙwai. Ya yi tsalle ya fizge.

"Nawa ne!"

"Ni ma a ba ni!" in ji tagwaye baki ɗaya.

A nan ne mijin yayata ya faɗi maganar da ta rusa masa mako.

"Ba a ba mutum haka kawai. Sai wanda ya yi kuka ake ɗaga wa."

Ban taɓa jin kuka mai tsari irin na ranar ba. Tagwaye suka ɗauka tare, ɗaya siririya ɗaya mai kauri. Mai Cizo ya ga za a raba shi da matsayinsa, ya ƙara wuta. Tagwaye mace ta tsagaita, ido a bushe ƙamas, ta ce, "Ja ɗin fa? Me ake yi a samu ja?"

"Birgima," in ji ɗan'uwanta, ya kwanta a cikin caɓin famfo.

Da azahar igiyar shanya ta cika da ƙananan riguna. Maman Tagwaye tana matse wando tana waƙa da sunan makulli.

Kwana biyu ana haka, sai ya sauya dabara. Ya ce katin ba a taɓawa, a ido kawai ake karɓa. Kuka ya ragu. Sai rigima ta tashi a kan murfin kwalba guda: tagwaye namiji ya ce nasa ne, Mai Cizo ya ce shi ya fara gani. Duk uwar da ke gidan ta san maganin wannan: a nemo wani murfin, ko a tambayi kowa abin da ke ransa har ya huce. Rafali ya ce wannan aikin 'yan koyo ne.

"A manyan wasanni, in alƙali yana shakka, bidiyo ake dubawa."

Ya shiga ɗaki ya ɗauko sandar mofar da yayata ke goge ɗaki da ita, ya kafa ta a tsohon bokitin fenti cike da yashi, ya ɗaure wayarsa a kai da robar gashi, ya saita ta tana ɗaukar tsakar gida. Da rigima ta sake tashi, ya busa, ya ɗaga yatsu biyu ya zana akwati a iska, alamar za a duba bidiyo, sannan ya taka da ƙasaita zuwa wurin sanda ya kwance wayar.

Yaran suka bi shi. Kwana uku rabonsu da ganin fuskar waya, ga ta kuma da su a ciki.

"Ga ni! Ga ni can!"

"Mayar baya, Baba Rafali!"

"Dubi hancinka!"

Suka hau masa kafaɗa, suka rataye a wuyansa. Ya nuna musu sau ɗaya don adalci, ya sake don tabbatarwa, ya kuma sake saboda shi ma ya ga yadda ya tsaya a hoton ya yi masa kyau.

Yara ba wawaye ba ne. Kafin la'asar sun gane lissafin. Ina shanya tawul na jiyo tagwaye a bayan tanki suna shawara.

"Ki mare ni a hankali, ni kuma in faɗi."

"A'a, kai ka mare ni. Ɗazu kai ka faɗi."

"To in na faɗi ki taka ni kaɗan. Ya fi daɗewa ana dubawa."

Tas! Sai ihu. Sai ga su sun fito a guje, kowa yana zana akwati a iska da 'yan yatsunsa.

Daga nan gidan ya koma gidan zana akwati. A zubar da shayi, uwa ta ce wa ya yi, yaro ya zana akwati. A ce wa ya ci biskit ɗin baƙo, akwati. Maman Tagwaye ta rantse ta ga ɗanta yana zanawa cikin barcin rana.

Nas ta tare shi a matakala, ta dawo daga aiki ko takalmi ba ta cire ba.

"Rafali, zo nan. Da, ɗana waya kawai yake kallo."

"To, ai kin ga ci gaba."

"Yanzu sai ya ciji mutum kafin ya kalla."

"Wannan shi ake kira matakin riƙon ƙwarya. Zuciya tana fitar da datti."

"Zan fitar maka da datti. Jiya ya ciji mai kawo ruwa. Mutumin da bai san ma ana wasa ba."

"Ya shigo fili ba izini."

Duk wannan bidirin, akwai wadda ba ta cikinsa. Tsohuwar Auta ba ta neman kati, ba ta zana akwati. Ta ja kujera ta sauko da takalmin ubanta daga kan kabad, ta naɗe shi a tawul, ta ce jariri ne. Kullum sai ta ɗauke shi ta kai bakin ƙofa, ta ajiye a waje, ta rufo ƙofa. Ubanta ya gani ya ce wannan wasa da kayan aiki ne, ya rubuta mata gargaɗi a zuciyarsa saboda Mai Cizo ya sake fizge katin.

Ran Laraba yayata tana shayar da jariri, yarinyar ta zo ta tsaya mata a kai tana jan zani. Yaya ta laluba gefen katifa inda waya take zama, ta tuna tana bokiti. Ba abin cusawa. Dole ta dubi 'yarta.

"Mene ne kuma?"

Yarinyar ta zauna a ƙasa, ta rungume takalmin a ƙirji, ta ɗauki murfin kofi ta miƙa wa iska, ta ce da muryar uwarta sak, har da ɗan tsakin ƙarshe: "Ungo waya, je ki can. Ba ki ga ina fama da ƙaninki ba?"

Ni dai na fita baranda, don dariya ta zo mini. Da na dawo na tarar da Yaya a zaune a ƙasa, jariri a cinya ɗaya, takalmi a ɗaya.

"Wannan jaririn naki yana damun ki ko?"

"Kuka gare shi. Kuma wari."

"Haushinsa kike ji?"

"Ƙwarai. A mayar da shi shago."

"To kafin a mayar, a ina zai kwana?"

Aka ɗauko kwalin firij da ke bayan ƙofa. Yaya ta yanka taga da wuƙa, yarinyar ta zana labule da alli. Ranar farko takalmi a waje ya kwana. Rana ta biyu aka bar shi a bakin ƙofar kwali, wai saboda sauro. Rafali ya wuce su sau da yawa yana goge usur, bai tambaya ba. Shi a ganinsa duk abin da ba a busa an fara ba, ba a fara shi ba.

Asabar ta zo. Hajiya ta sa kujerarta a inuwar tanki, makulli a cinya. 'Yan haya suka cika matakala. Mai shagon bakin titi ya rufe shago ya shigo, mai kawo ruwa ma ya zo da bandeji a hannu, ya ce yana so ya ga ƙarshen abin. Rafali ya tara yaran ya ja musu kunne cewa yau ba kati, ba duba bidiyo. Amma ya kafa sandar mofa ya ɗaura waya.

"Wannan kuma fa?" in ji Maman Tagwaye.

"Don tarihi. Gobe in iyaye suna layi a ƙofar cibiya, za su so su ga yadda aka fara."

Yaya ta sauko da jariri a kafaɗa, 'yarta tana jan kwalinta a baya. Aka ajiye shi a tsakiyar fili. Yaran suka kewaye shi.

"Gidan wa?"

"Nawa. Da jaririna. Ba shi da lafiya."

"Ni likita ne," in ji tagwaye namiji.

"Kuma kai ne mota," in ji 'yar'uwarsa.

Aka kwantar da takalmi a cikin kwali, a kan tawul, can ciki inda mai gidan take zama. Likita ya auna shi da murfin kwalba. Mai Cizo ya ce shi ne mai gadi, ya tsaya a ƙofa yana hana ƙuda shiga. Tagwaye mace ta so ta shiga, mai gida ta ce ba wuri, ta tura baki, sai aka yi mata ɗaki a gefe da murfin kwalin, ta huce. Ba kuka. Ba cizo. Ba wanda ya ko kalli sandar mofa.

Hajiya ta fara kwance makulli daga bakin mayafi. Maman Tagwaye ta cire fil daga bakinta ta soke a riga, ta ɓata fuska. Wallahi da mijin yayata ya samu wuri ya zauna, da yanzu allonsa yana kan ƙofar nan.

Amma ya duba ya ga ba mai kallonsa. Kowa yara yake kallo. Ya zaga ta dama, ya zaga ta hagu, ya duba agogon da babu a hannunsa.

"Wasan nan ba zafi," ya ce wa mai shago. "In aka bar shi haka 'yan kallo za su yi barci."

"Rafali, zauna," in ji Yaya.

"Ke ba ki san aikin nan ba."

Fiiiiit!

Tagwaye suka ɗago. A iya saninsu na mako guda, usur yana nufin lokacin aiki ya yi. Suka ruga bakin famfo, mace ta ɗaga hannu, namiji ya faɗi tun kafin hannun ya sauka. Duk kawunan da ke matakala suka juya can. Tsohuwar Auta ma ta nufi famfon da murfin kwalba, za ta ɗebo wa marar lafiya ruwa.

Shi kuwa Rafali, ga dama ta samu. Ya tuna yadda manyan alƙalai suke yi, ba sa juya wa rigima baya. Ya kafa ido a kan tagwaye, usur a baki yana busawa, ya fara gudu da baya, gwiwa sama-sama, wai yana neman kusurwa. Ni ina sama, na ga inda ya dosa. Na buɗe baki, ƙarar usur ta haɗiye muryata.

Ƙafa ɗaya ta sauka a kan rufin kwali. Ta biyu a kan taga. Ya yi tangal-tangal, ya dafe iska, ya yi tsalle gaba, ya ci gaba da gudunsa zuwa famfo kamar kan ciyawa ya bi.

Yarinyar ta juyo da ruwanta a murfi, tana tafiya a hankali kada ya zube. Ta tsaya. Gidan ya zama tabarma.

Kukan da ta yi ba irin na neman kati ba ne. Duk macen da ke matakalar nan ta miƙe tsaye. Har tagwaye suka bar faɗansu.

Rafali ya iso yana haki. Ya dubi kwali, ya dubi Mai Cizo da ke tsaye a gefe baki buɗe. Ya manta da dokar da ya kafa da bakinsa, ya zaro ja.

"Kai! Fita! Na san halinka."

Ya juya kan 'yarsa, ya zaro ɗayan, wanda da ƙyar ya ƙwato daga wurin Mai Cizo.

"Ke kuma, kukan ƙarya don a tausaya miki. Gargaɗi."

Nas ta sauko daga matakala. Ba ta yi ihu ba. Ta zo gabansa, ta ajiye jakarta a ƙasa, ta ɗaga yatsu biyu, ta zana akwati a iska. Babba, mai kusurwa huɗu cif.

"Yau ba duba," in ji Rafali. "Na sanar tun farko."

Tagwaye suka zana. Mai kawo ruwa ya zana da hannunsa mai bandeji. Maman Tagwaye ta zana da tef. Sai ga Hajiya Mai Bene, da zobbanta da komai, ta ɗaga hannu ta zana nata a karkace.

"Ɗan nan, kawo wayar."

"Hajiya, hukuncin alƙali ba a..."

"Gidana ne ko filinka?"

Aka kwanto waya aka sa a hannun Hajiya. Gidan gaba ɗaya ya taru a bayan kujerarta, manya a sama, yara ta ƙarƙashin hammata. Ga kwali a tsaye da labulensa na alli. Ga Mai Cizo yana korar ƙuda. Sai ga wani baƙin abu ya shigo hoton ta gefe, da baya, yana rangaji kamar motar kaya tana ribas ba kwandasta.

"Wayyo, ga shi nan!"

"Tsaya, tsaya, rage gudun!"

Mai shago ya san inda ake dannawa. Aka rage gudu. Muka ga safa tana tashi a hankali, muka ga wando yana roƙon rai, muka ga rufin gida yana lotsawa, muka ga Mai Cizo, bawan Allah, yana ƙoƙarin tare ƙaton mutum da tafin hannu ɗaya saboda an ce shi ne mai gadi.

"A sake!" in ji yaran.

"A sake," in ji Hajiya, tana share hawaye da mayafi.

"Turo min."

"Ni ma turo min. Ina bokitin nan?"

Aka buɗe bokiti, kowa ya wawuri tasa. Cikin ɗan lokaci tsakar gidan da aka ce za a raba da waya ya koma kasuwar waya, tsoho da yaro kowa wuya a lanƙwashe, daga kowane lungu usur ɗin Rafali yana fitowa, fiit, fiit, fiit, ƙarami-ƙarami.

Mutum biyu ne kawai ba sa kallo. Yaya ta durƙusa da jariri a kafaɗa, 'yarta tana ɗaga kwalin da ya baje. Ta zaro takalmin, ta juya shi, ta hure masa ƙura, ta kara shi a kunne.

"Yana numfashi?" in ji Yaya.

"Yana yi. Ƙanina ne, ba ya mutuwa."

"Ke fa? Yaya ranki?"

"Haushi nake ji. Babba."

"Na wa?"

Yarinyar ta miƙa wa uwarta takalmin, ta ce a riƙe shi kusa da ɗayan. Ta je ta tsinci jan katin da ya faɗi a ƙasa. Ta kife bokitin wayoyi, ta hau kai, ta ƙame, ta turo ɗan cikinta gaba, ta riƙe ƙugu da hannu ɗaya. Ko ni da ake cewa na iya kwaikwayo, na sara mata. Ta ɗaga katin a hancin ubanta.

"Kai. Fita. Na san halinka."

Matakala ta ɗauka da shewa. Nas ta rungume ɗanta, karon farko a tarihin gidan da aka zarge shi bai yi ba. Hajiya ta miƙa makulli ta kan kafaɗa ba tare da ta cire ido daga waya ba, Maman Tagwaye ta cafe.

"Kwalayen da zan kwaso kaya da su, na yara ne," in ji ta. "Su gina unguwa guda in sun so. Kai kuma Rafali, ka kawo wandon nan in buɗa maka shi. Kyauta. Don mutuncin gidan nan."

Mai shago ya tambaya ko allon cibiya na sayarwa ne, yana neman abin tare rana.

Rafali yana tsaye a tsakiyar layin allinsa, usur yana lilo a ƙirji, jan kati har yanzu a gaban hancinsa, don mai riƙe da shi ta ce ba za ta sauke ba sai ya fita. Hajiya ta kashe wayar, ta miƙa masa, ta gyara zama.

"To, ɗan nan. Mun gani da idonmu, mun sake gani. Ka rushe wa 'yarka gida, ka kori ɗan mutane, ka ce kukanta ƙarya ne. Ga ta nan a gabanka. Ba ka da abin da za ka ce mata?"

Rafali ya dubi kwalin, ya dubi sawun takalminsa a kan taga, ya gyara kwalar riga, ya yi gyaran murya irin ta mai karanta labarai.

"A doka, alƙalin wasa daidai yake da ƙasar fili. Don haka ba ni na taka gidan ba. Fili ne ya taka shi."